Daga gwangwanin kifi zuwa jita: tarihin kayan kiɗan farko

Saurayin da ke Dirin Daji, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Sakaba a masarautar Zuru, idan sha'awar koyon jita ta kama shi, abu biyu ne ke tare masa hanya. Na farko kuɗi, domin jita mai suna takan lashe abin da zai ɗauki watanni yana tarawa. Na biyu maganar mutane, waɗanda za su ce masa arha ba ta ado, gara ya haƙura har ya sami ta ƙwarai. Da yawa sun haƙura, haƙurin ya zama bari. Tarihin kiɗan tsirkiya a wannan yanki ya nuna cewa manyan gwanaye da abin da ya sawwaƙa suka soma, ya kuma nuna irin arhar da ke koyarwa da irin wadda ke kashe zuciya.

Ƙasar Hausa ta san tsirkiya tun kafin ta san jita. Akwai molo da garaya da gurmi da kuntigi, akwai goge da kukuma. Kusan dukkansu daga abin da ke kusa ake haɗa su: ƙwarya ko icce, fatar akuya ko ta guza, sanda, da tsirkiya ta jijiya ko ta gashin wutsiyar doki. Sau da yawa makaɗi shi ne maƙerin abin kiɗansa, shi ne kuma mai gyaransa. Sai dai kiɗa sana'a ce ta gado a wancan tsari, kuma kowane abin kiɗa da mutanensa. Garaya ta mafarauta ce da 'yan bori, goge kuwa malamai sun daɗe suna ƙyamarsa. Wanda bai gāji kiɗa ba, da wuya ya ɗauki molo ba tare da an yi masa kallon wanda ya saki layin gidansu ba.

Adamu Wayya, wanda duniya ta sani da Ɗanmaraya Jos, an haife shi a Bukuru a 1946, ya rasa uwa da uba tun yana jariri, ya tashi a hannun Sarkin Hausawan garin. Yana yaro ya je Maiduguri, ya ga masu kuntigi, ya dawo ya haɗa nasa. Kuntigi gwangwanin kifi ne aka rufe da fata, aka soka masa sanda, aka ɗaura tsirkiya guda. Da wannan ya yi waƙar Karen Mota, da shi ya fita ƙasashen waje, har Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa. Ya rasu ranar 20 ga Yuni, 2015, bai sauya abin kiɗa ba.

Ita kuwa jita ta bakin teku ta shigo. Siffarta ta yau ta daidaita ne a ƙasar Sifen a ƙarni na 19, a hannun maƙeri Antonio de Torres. Ma'aikatan jiragen ruwa, musamman 'yan ƙabilar Kru ta Laberiya, su suka yi ta yawo da ita a tashoshin Firitawun da Akara da Legas, suna kaɗa ta da yatsa biyu. A 1928 Kwame Asare da ƙungiyarsa ta Kumasi suka ɗauki waƙar Yaa Amponsah a faifai a Landan, a 1936 kuma Tunde King ya ɗauki kiɗan juju na farko a Legas. Daga can jita ta biyo layin dogo zuwa Arewa, ta sauka a unguwannin Sabon Gari, da barikin soja, da makarantun mishan, da coci-coci. Ƙasar Zuru ta san biyu daga cikin waɗannan ƙofofi sosai, domin ta shahara da ba da 'ya'yanta aikin soja tun zamanin Turawa, kuma mishan ya daɗe a cikinta.

Abin da ya bambanta jita da molo shi ne ba ta da gidan gado. Ba ta mafarauta ba ce, ba ta maroƙa ba ce, don haka ɗan malami da ɗan sarki da ɗan makaranta duk suna iya ɗaukarta. Ali Farka Touré na Niafunke a Mali, wanda aka haifa a 1939, gidansu ba na makaɗa ba ne. Ya soma da ɗan abin kiɗa mai tsirkiya guda, ɗan uwan kuntigi. A 1956 ya ga Fodéba Keïta na Gini yana kaɗa jita, ya ƙudurta koyonta, amma shekara goma sha biyu ya yi yana aro. Sai a 1968, da ya je wani biki a Sofiya ta ƙasar Bulgeriya, ya sayi tasa ta farko. Kafin ya mallaki jita ya riga ya iya ta.

Labarin Buzaye ya fi wannan tsanani. Ibrahim ag Alhabib, wanda ya kafa ƙungiyar Tinariwen, an kashe mahaifinsa a tawayen Kidal na 1963 yana ƙaramin yaro, ya tashi cikin gudun hijira a Aljeriya. Jitarsa ta farko shi ya haɗa ta da tarkace: gwangwani, sanda da waya. A 2012 Tinariwen ta ci lambar Grammy. Haka Mahamadou Souleymane, wato Mdou Moctar, ɗan ƙasar Nijar. Iyayensa ba su yarda da kiɗa ba, kantin jita kuma babu kusa, sai ya sassaƙa katako ya ɗaura masa wayoyin birkin keke. A Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, da salon da ke ɗauke da ƙamshin waƙoƙin finafinan Hausa, waƙoƙin suka yaɗu daga wayar hannu zuwa wayar hannu. Bahago ne, kuma sai daga baya ya sami jitar lantarki ta bahagwai.

Darasin da ke cikin waɗannan labarai yana buƙatar taka-tsantsan. Kuntigin Ɗanmaraya da katakon Mdou Moctar ba su da tsada, amma masu su sun san su ciki da bai, suna iya ɗaure tsirkiya su sassauta ta har sauti ya faɗa inda kunne ke so. Jitar kanti mai arha ba haka take ba. Ƙarafunan da ke gicciye a wuyanta a kafe suke, idan masana'anta ta dasa su a karkace, babu gwanin da zai fitar da sauti daidai daga gare ta. Mai koyo kuwa bai san laifin na jita ba ne, sai ya ɗora wa kansa, ya jingine ta a lungu.

Saboda haka abin dubawa kaɗan ne, kuma ba ya cin kuɗi. A ɗaga jitar a hango wuyanta daga kai zuwa ciki kamar mai duba miƙewar sanda; idan ya lanƙwashe ko ya murɗe, a bar ta. A duba tazarar tsirkiya da ƙarfe na goma sha biyu: wajen milimita 3 ya yi, idan ta zarce haka da yawa, yatsu za su sha wuya. A kaɗa tsirkiya a sake, sannan a danne ta a wannan ƙarfen. Ya kamata sautin ya zama shi ne dai, sai dai ya fi siriri. A murɗa kunnuwa shida a ga ko suna riƙewa, a kuma duba katakon da tsirkiyoyi ke ɗaure a cikin jitar, kada ya zama ya fara ɗagowa. Jita ta hannu da ta tsallake wannan gwaji ta fi sabuwa mai ƙyalli da ta faɗi.

Akwai zaɓi tsakanin tsirkiyar ƙarfe da ta nailan, wadda aka fara sayarwa a ƙarshen shekarun 1940 a maimakon ta hanjin dabba. Nailan ta fi taushi ga sabon yatsa, ƙarfe ta fi amo a taro. Ba a ɗaura ta ƙarfe a jitar da aka ƙera don nailan, domin ƙarfin jan zai ɓalle ta. Yanayi ma yana da ta cewa. Jita mai tsada da tsagwaron katako ake yin fuskarta, hunturu kuwa yakan busar da irinsa har ya tsage. Mai arha da falankin da aka manna hawa-hawa ake yin ta, ta fi jure bushewar hunturu da laimar damina. A nan talaka ya ci riba: samfura irin su C40 da F310 na kamfanin Yamaha, waɗanda aka ƙera domin masu koyo, sun fi dacewa da ɗakin da ba shi da na'urar sanyaya iska.

Abu na ƙarshe da mai saye daga gari irin Dirin Daji zai tuna shi ne nisa. Tsirkiya takan tsinke, musamman siririyar ƙasa, kuma maye gurbinta sai an aika babban birni. Wanda ya ware kuɗin saye, ya rage wani abu don saiti guda na ajiya da jakar da za ta kare ta daga ƙura. Saita sauti kuwa manhajar waya na yin sa kyauta, abin da Ali Farka ya yi da kunne kaɗai a shekarun da yake aro.