Tsutsar Tsamiya da Tarihin Ɗinkin Riga a Ƙasar Hausa

Kalmar tsamiya tana da ma'ana biyu a Hausa. Ta farko ita ce itaciyar da kowa ya sani, ta biyu kuwa zaren nan mai ƙarfi da ake yi wa babbar riga aiki da shi. Asalin wannan zare wani ɗan ƙwaro ne dangin malam-buɗe-littafi, amma mai tashi da dare, wanda masana kimiyya suka sa cikin jinsin Anaphe da danginsa.

Macen takan yi ƙwai a jikin ganye. Idan tsutsotsin suka ƙyanƙyashe, sai su riƙa kiwo ƙungiya guda, ba sa rabuwa, har su ƙosa. Sa'an nan su taru wuri ɗaya kowace ta saƙa gidanta a manne da na 'yar'uwarta. Wannan dunƙule shi mutane ke tsinkowa a daji, a dafa shi da ruwan toka don danƙon ya saki, a shanya, sa'an nan mata su kaɗa shi da mazari kamar auduga. Wani iri ganyen doka yake ci, shi ya sa ake kiran zarensa tsamiyar doka. Wannan kuwa shaida ce cewa kalmar ta riga ta bar itaciyar ta koma sunan zaren kansa.

Lokacin da Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar fatake na kawo alharini daga Tarabulus ta hamada. To, alharini baƙo ne, kuma rinanne. Tsamiya kuwa 'yar gida ce, da launinta na ƙasa-ƙasa ake ɗinka aska biyu da aska takwas. Yarbawa ma sun san ta, da ita suke saƙa tufar da suke kira sanyan.

A 1887 wani masani ɗan Ingila, Herbert Druce, ya raɗa wa irin nan mai cin doka suna moloneyi, don girmama Alfred Moloney, gwamnan Ikko na lokacin. A ganina wannan suna ya ɓatar da sawu, domin mai karanta shi ba zai san cewa maɗinka sun daɗe da sa wa abin suna ba.

Yau zaren kanti ya mamaye kasuwa, dazukan doka kuma suna ta ƙarewa saboda itacen girki da gawayi da faɗaɗa gonaki. Ɗalibai da yawa idan aka ce musu tsamiya, kunu kaɗai ke zo musu a rai.