Ben Elton da Alƙalan Dariya na Birtaniya

Har zuwa ƙarshen shekarun 1970, barkwancin baka a Birtaniya sana'a ce ta kulob-kulob ɗin ma'aikata, musamman a arewacin Ingila. Mutum zai hau dandamali shi kaɗai da lasifika a hannu, kusan yadda ɗan kama ke tara jama'a a kasuwa, ya yi ta jero tsofaffin labaran da kowa ke ara a bakin kowa, akasarinsu zolayar surukai mata da baƙin haure. Shirin The Comedians da gidan talabijin na Granada ya fara a 1971 shi ya fito da irin su Bernard Manning. A 1979, shekarar da Margaret Thatcher ta hau mulki, aka buɗe kulob ɗin barkwanci na Comedy Store a unguwar Soho ta Landan, matasan da suka taru a can kuwa suka zo da sharaɗi: kowa ya rubuta nasa, a daina cin mutuncin mata da wariyar launin fata. A cikinsu Ben Elton ya taso, kuma tun daga lokacin masu sharhi suka riƙa auna shi da biyayyarsa ga wannan tafiya fiye da aikin da ya ajiye a gabansu.

Aikin kuwa ba ƙarami ba ne. Yana da shekara 23 aka fara nuna shirin talabijin na The Young Ones a 1982, wanda ya rubuta tare da Rik Mayall da Lise Mayer. Amma a shirin Blackadder aka fi ganin hannunsa. Zangon farko na 1983, wanda Richard Curtis da Rowan Atkinson suka rubuta, ya ci kuɗi wajen dawakai da fadoji, dariyar kuma ba ta kai kuɗin ba, har BBC ta yi jinkirin ci gaba da shi. Da Elton ya haɗu da Curtis a zango na biyu a 1986, sai aka tattara wasan aka mayar da shi ɗakin ɗauka, aka juya halayen mutanen: jarumin wasan, Edmund, ya zama mai kaifin baki da wayo, baransa Baldrick ya zama dolo mai kawo dabarun da ba sa kai ko'ina. Zango na huɗu ya ƙare a 1989 da sojoji suna fitowa daga rami zuwa bakin bindiga a Yaƙin Duniya na Farko, hoton ya narke ya koma fili cike da jajayen furanni. A ƙuri'ar da BBC ta shirya a 2004, Blackadder ne ya zo na biyu, bayan Only Fools and Horses.

A kan dandamali labari ya sha bamban. A shirin Saturday Live na Channel 4 yana fitowa da kwat mai ƙyalƙyali, yana zuba magana ba ko numfashi, yana caccakar gwamnatin Thatcher, sai aka ce wa'azi yake yi. Da ya haɗa kai da Andrew Lloyd Webber, ɗan jam'iyyar Thatcher ta Conservative a lokacin, suka yi wasan waƙa The Beautiful Game a 2000, sannan ya rubuta We Will Rock You kan waƙoƙin ƙungiyar mawaƙa ta Queen a 2002, sai zargin ya juye: an ce ya sayar da aƙidarsa. Jiya laifinsa yawan siyasa, yau rashinta. Jaridu sun yi wa We Will Rock You kaca-kaca, amma ya shekara 12 ana nuna shi a gidan wasa na Dominion, har 2014.

Wani zai ce cikar kujeru ba shaidar inganci ba ce, kuma ya yi gaskiya. Masu sharhi ma ba kullum suke zalunci ba: shirinsa The Wright Way na 2013 ya cancanci sukar da ya sha, domin barkwancinsa ya tsufa tun kafin a haska shi, kuma daga zango ɗaya aka rufe shi. Hujja mafi ƙarfi ita ce wadda ke cewa kyawawan ayyukansa duk na haɗin gwiwa ne, wato Curtis da Atkinson ne suka ɗauke shi. Wannan ba ta tsaya da ƙafarta ba, tunda an ga abin da su biyun suka yi a 1983 babu shi. Sannan a 2016, cikar shekara 400 da rasuwar Shakespeare, Elton ya rubuta Upstart Crow shi kaɗai, David Mitchell ya fito a matsayin Shakespeare, jaridun da suka gama binne shi shekara uku kacal kafin nan suka dawo suna yabo. Elton bai sake hali a tsakani ba. Har yanzu mai son dogon zance ne da tsokanar masu mulki. Sukar 2013 da yabon 2016 duk sharhi ne na gaskiya, domin wasan suka kalla. Abin da aka yi ta rubutawa a kansa bayan 2000 kuwa, yawancinsa hukunci ne kan abokan tafiyarsa.