Ɗauka Ɗaya Tak: Seydou Keita da Hoton Baƙi da Fari

A shekarar 1948, lokacin da ƙasar Mali take amsa sunan Sudan ta Faransa, wani ɗan kafinta mai suna Seydou Keita ya buɗe wurin ɗaukar hoto a tsakar gidansu da ke unguwar Bamako-Kura. Tun 1935 kawunsa ya kawo masa tsarabar ƙaramar kyamara ƙirar Kodak Brownie daga Senegal, amma wadda ta fito da sunansa ita ce babbar akwati mai ƙafa uku, mai cin fim faranti-faranti, kowanne santimita 13 da 18.

Fim kuwa da tsada yake, saboda haka Keita ya ɗora wa kansa doka: mutum ɗaya, ɗauka ɗaya. Wannan tilas ita ta haifar da dukkan fasaharsa, domin aikin da mai hoton yau yake yi bayan ya ɗauki hoto hamsin, wato zaɓe da zubarwa, shi sai ya gama shi da ido kafin ya taɓa kyamara. Zai zaunar da mace, ya karkata kafaɗarta, ya baza bakin zanenta, ya gyara yatsunta yadda zobe zai fito. Ya fi son hasken rana a kan na lantarki. Marufin cikin kyamarar ma ya lalace, don haka da hannu yake cire murfin gilashi, ya bari haske ya shiga gwargwadon abin da ya auna a ransa, sa'an nan ya mayar.

Abin da ya fi cancantar nazari shi ne labulen da yake ratayawa a bayan mutane. Na farkonsa zanen gadonsa ne. Daga baya ya riƙa sauya yadi mai zane bayan 'yan shekaru, har ya zama da labulen yake gane lokacin da ya ɗauki hoto. Mai karatu zai ce, ai atamfa mai furanni a gaban labule mai furanni rikici ne ga ido. Haka ne, in da launi. Amma fim baƙi da fari bai san ja ko kore ba, abin da ya sani kawai shi ne duhu da haske da tokar da ke tsakaninsu. Sai zanen tufafi da na labule su narke cikin juna, a bar fuska da hannuwa su kaɗai a sarari, inda ido zai sauka ya huta. Ina ganin ko marubucin waƙa yana da abin ɗauka a nan, musamman mai cika baiti da ado har ma'ana ta rasa wurin zama.

A 1962 gwamnati ta ɗauke shi aikin hoto a hukumar tsaro, ya yi ritaya a 1977, dubban dodon hoto suna ajiye a gida. A 1991 aka baje wasu hotunansa a New York ba tare da sunansa ba, sai da André Magnin ya bi sawu har Bamako ya same shi. Ya rasu a Faris a 2001.

Sai dai akwai abin lura. Hoton da mutanen Bamako suka biya suka kai gida ƙarami ne, girman faranti, domin manna dodon ake yi a kan takarda a wanke. Waɗanda Turai ta sani an kumbura su, wasu sun kai tsayin mutum, an kuma ƙara musu baƙi da fari. Dodo ɗaya ne, amma hannu biyu suka wanke shi, kuma na farko don jakar amarya da bangon ɗaki aka yi shi.