Baiwa ko Naci? Darasi daga Alhaji Umaru Karachi

'Yan'uwa, nan Zangon Kumasi sau da yawa za ka ji uba ya ce, "Yaron nan ba shi da kai, gara ya koma kasuwa." To, mu waiwayi tarihin Alhaji Umaru Karachi, Allah ya jiƙansa.

An haife shi a Kano wajen 1858. Mahaifinsa falke ne mai fataucin goro zuwa Salaga. Baiwa kam Allah ya ba shi, domin yana ɗan kimanin shekara 20 ya wallafa littafi da Larabci kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa. Da wani ne, shi ke nan, ya zama malam. Shi kuwa ya ci gaba da durƙusawa gaban malamai shekara da shekaru kafin ya zauna a Salaga. Yaƙin 1892 ya watsa garin, ya koma Kete Karachi, yana karantarwa yana rubutu har rasuwarsa a 1934.

In mai irin wannan ƙwaƙwalwa sai da ya daɗe kan buzu, yaya za mu yanke wa yaro hukunci don ya shekara 2 da allo bai yi nisa ba? Baiwa rabo ce, naci kuwa aikinmu ne. Allah ya ba mu haƙuri da 'ya'yanmu, amin.