Doki, Gumi da Kanwa: Waiwaye Cikin Tarihin Barga

Gabatarwa

Idan ana zancen dawakin yaƙi a ƙasar Hausa, akasari hankali yakan karkata ga jarumtar barade da ƙawar kayan doki. Ba kasafai ake tuna abin da doki yake asara a jikinsa ba yayin da yake ɗauke da mahayi cikin zafin rana. A wannan ɗan rubutu za mu dubi yadda magabata suka tunkari wannan matsala, da kuma abin da binciken zamani ya ƙara mana.

Lifidi da Zafin Rani

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Lifidi riga ce mai kauri da ake cusa wa auduga domin ta tare kibiya, sai dai yadda take tare kibiya haka take tare iska. Ga shi kuwa yawancin yaƙe-yaƙe da rani ake fita, bayan an kawar da amfanin gona. Ke nan doki yana fama da nauyi da rana da ƙarancin ruwa a lokaci guda.

Masu kula da barga, waɗanda a fadar Kano Shamaki ne shugabansu, sun lura cewa ruwa da harawa kaɗai ba sa mayar wa doki ƙarfinsa. Don haka sukan jiƙa masa kanwa, ko su haɗa masa ita da dusa. Wannan buƙata ta dabbobi tana cikin abubuwan da suka raya fataucin kanwa: ungurnu daga gaɓar Tafkin Chadi, jar kanwa daga Muniyo da ƙasar Manga, ga kuma kantun gishiri da ayarin Buzaye ke ɗaukowa daga Bilma. Baturen nan Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ba da labarin kanwar Barno da ke ratsa birnin zuwa ƙasar Nufe.

Abin da Bincike Ya Gano

Dalilin wannan al'ada bai fito fili sosai ba sai a ƙarshen ƙarni na 20, kuma a wata duniya dabam. A wasannin Olamfik na Basalona a 1992, zafi ya galabaitar da wasu dawakin gasa. Da yake Atlanta ta Amurka, mai zafi da laima, ita ce za ta karɓi wasannin 1996, sai likitocin dabbobi suka duƙufa ga bincike.

An tabbatar da cewa dokin da ke aiki mai tsanani cikin zafi yana iya zubar da gumi lita 10 zuwa 15 a sa'a guda. Gumin ɗan Adam bai kai jininsa gishiri ba, amma na doki ya fi jininsa gishiri, domin yana fita da sodiyam da kuloraid da fotasiyam masu yawa. A nan haɗarin yake. Ƙishirwa tana tasowa ne idan gishirin jini ya yi yawa. Tun da gishirin yana bin ruwan ya fita, doki yana iya bushewa a ciki alhali yana kau da kai daga ruwa. Daga nan sai kasala, da ƙullewar tsoka, da ciwon ciki, wani lokaci har kwiɓinsa ya riƙa bugawa kamar mai shaƙuwa.

A Atlanta an rage tsawon zangon gudu, an fara da sassafe, an kafa fankoki masu fesa ruwa, aka kuma riƙa kwarara wa dawaki ruwan ƙanƙara. Nan aka kawar da tsohon zaton cewa ruwan sanyi yana sandarar da tsokar dokin da ya yi gumi.

Kammalawa

Wannan bincike ya gaskata magabata, ya kuma yi musu gyara. Kanwa tana mayar da sodiyam, amma ba ta da isasshen kuloraid, wanda shi ne doki ya fi zubarwa. Gishiri irin na kantu ya fi dacewa da wannan gurbi, fotasiyam kuwa daga ciyawa da harawa yake samuwa.

Yaƙi ya wuce, amma hawan sallah da sukuwa da kilisa suna nan. Daga 2021 zuwa 2026 Ƙaramar Sallah tsakanin Maris da Mayu ta riƙa faɗowa, wato cikin tsananin zafi. Dokin da ya yini cikin kayan ado yana da haƙƙi a kanmu: a cire masa sirdi, a kai shi inuwa, a yi masa wanka, a ba shi ruwa da gishiri, kada a jira sai ya nema.