SAMPEA 20-T

SAMPEA 20-T irin wake ne da aka sauya wa ƙwayoyin halitta domin ya jure wa tsutsar Maruca, wadda ke cinye furen wake da kwansonsa. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ce ta samar da shi tare da gidauniyar AATF da hukumar CSIRO ta Ostireliya.

Tarihi

An saka wa waken ƙwayar halitta daga bakteriyar Bacillus thuringiensis, wadda ke sa shukar ta samar da sinadarin da ke kashe tsutsar. Hukumar NBMA ta amince da shi a watan Janairun 2019, aka yi masa rajista a Disamban shekarar.

Amfani

Manomin da ke feshi sau shida zuwa takwas a damina yana iya tsayawa a sau biyu. Wannan na rage masa kashe kuɗi da shaƙar guba.

Matsaloli

Irin ba ya maganin sauran ƙwari, ciki har da masu ɓata wake a rumbu. Tsutsar ma tana iya sabawa da sinadarin, shi ya sa ake shawartar manoma su riƙa shuka waken gargajiya a kusa. Ƙungiyar HOMEF na adawa da irin, tana fargabar illarsa ga muhalli da irin gida.