Wurin Zanzibar da kuɗin Charlie Lee

Kafin anini da kwabo da sule, da wuri ake ciniki a Gobir. Tarihin Kano ya nuna wuri ya shigo ƙasar Hausa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, farkon ƙarni na 18, wato kafin Alkalawa ta yi ƙarfi, balle Sabon Birnin da Ɗan Halima ya kafa bayan ya rabu da Tsibiri. Daga tsibiran Maldib ake ɗebo shi, can cikin tekun Indiya. Nisan nan shi ne darajarsa: ba mai iya ƙera shi a maƙera, ba mai tsintarsa a gulbin Rima. Da Bature matafiyi Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ake canjin dalar azurfa ɗaya.

Abin da ya karya shi ɗan'uwansa ne. 'Yan kasuwar Hambug ta Jamus sun gano wani wurin mai araha a gaɓar Zanzibar, suka yi ta jibgo shi Legas jirgi bayan jirgi. Kuɗi ya yi yawa, ya yi nauyi, har ladan ɗan dako kan cinye kayan idan tafiya ta yi nisa. Da Turawa suka hana shigo da wuri a 1904, gawa suka tarar.

Wannan tarihin nake karanta wa 'ya'yan yayyena a Isa duk lokacin da suka zo mini da zancen kirifto, domin ina jin tsoron asararsu. Ga misali Litecoin, wanda ke cikin kuɗaɗen kirifto na farko da suka biyo Bitcoin. Charlie Lee, injiniya a Google a lokacin, ya fito da shi a watan Oktoban 2011. Tsarin Bitcoin ya kwafa ya yi masa gyara: adadi miliyan 84 maimakon miliyan 21, tabbatar da ciniki cikin minti biyu da rabi maimakon goma, sannan ladan masu haƙa yana raguwa da rabi kusan duk shekara huɗu, kamar yadda aka yi a 2015 da 2019 da 2023. Bai ɓoye wa kansa tari ba kafin ya buɗe wa jama'a, kuma wannan gaskiyar ta sa na girmama shi. A Disambar 2017, farashi na sama, ya sanar cewa ya sayar da nasa ya kuma yi kyauta da wani sashe.

Yaran sukan ce mini: Baba, ai adadinsa ƙayyadadde ne. Haka ne. Amma ƙofar da Lee ya bi a buɗe take ga kowa, kuma dubbai sun bi ta bayansa. An ƙayyade yawan kuɗi ɗaya, ba a ƙayyade yawan ire-irensa ba. Zanzibar ke nan.

Mu mutanen iyaka mun saba riƙe kuɗi biyu a aljihu, naira da sefa, mun kuma ga an rage darajar sefa da rabi a Janairun 1994. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a Isa da Sabon Birni saboda 'yan bindiga. Duk mai dukiya cikin waya sai ya hau tudu neman layin Nijar. Da takardun naira suka yi wuya a farkon 2023, sefar 'yan canji daga Maraɗi da Madawa aka riƙa sayen gero da ita a ƙauyukan bakin iyaka.